Awon Dare

Kakana Mumuni huhun goro yake aunawa.
Ya ɗaga, ya saurari kafaɗarsa,
ya ce wannan jakin ba zai kai Salaga ba.
Ni jikansa, a Aboabo, hawa na biyu,
abin da nake aunawa ba shi da ƙamshi,
ba ya rina haƙori ja.

Ɗakina sanyi ƙalau, ko Kumasi na tafasa.
Na'ura arba'in da ɗaya ke hannuna,
kowacce da yarenta, kamar layin tumatir a Kejetiya.
Ta akanta Windos take ji.
Ta bakin ƙofa Linuks, ba ta son surutu.
Ga wata tsohuwa can a lungu,
wanda ya kafa ta ya rasu bara waccan,
ba mai taɓa ta sai da bisimilla.
Kowane dare sai sun juye abin da suka sani
cikin rumbu ɗaya,
rumbun kuwa ni aka ce in yanka masa girma.

Na zauna da biro a bayan takardar ƙosai.
Terabait shida.
Waya na haɗiye gigabait ɗari uku da sittin a awa,
in ta tashi da lafiya.
Awa goma sha bakwai ke nan.
Dare kuwa, daga isha zuwa kiran farko,
awa takwas ne da ɗan guntu,
kuma dare ba ya yin gyara kamar mai gari.

Sai na raba kaya.
Asabar a kwashi komai, tunda ofis na barci har Litinin.
Sauran kwanaki abin da ya sauya kawai.
Manyan fayil doya ce, ɗauka ɗaya a wuce.
Ƙananan nan su ne masifa,
gero ne da ya zube a tsakuwa,
miliyan huɗu, kowace ƙwaya sai an sunkuya mata.

Mista Boakye ya duba farashi, ya cire tabarau.
Ya ce, Isifu, rumbunka gara ce ko me?
Sayi rabi.
Na ce, ranka ya daɗe, wa ke ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa?
Bana mun ƙaru da kashi ɗaya cikin uku.
Baɗi fa?
Ya sa hannu a kan kashi biyu cikin ukun da na nema.
Na karɓa. Da babu gara ba daɗi.

Ranar wata Talata aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari sau biyu kafin ya kama.
A tsakanin tarin nan tsohuwar lungu ta cika.

Da hantsi Hawawu mai koko ta hau bene,
ta riƙe katin asusunta da ya sha maiƙo.
Sidi ashirin kullum, shekara uku,
kuɗin makarantar jinya na 'yarta.
Allo ya ce bai san ta ba.
Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan bencin,
ta ce za ta jira.

Minti hamsin da biyu na yi ina jawo ta daga rumbu.
Na san minti hamsin da biyu ne,
don kowane wata ina gwada jawowar ni kaɗai,
ana yi mini dariya, wai ina haƙa rijiya a bakin kogi.

Sunanta ya fito, har da ashirin ɗin jiya.
Ta duba, ta ninke katin cikin gefen zane.
Ba ta san akwai ni ba. Ta sauka,
kokonta na huce a ƙasa.

Daren nan rumbu ya kai kashi tamanin da bakwai.
Na sake juya takardar ƙosai.
Kaka, kafaɗata ta ce
jakin nan ba zai kai azumi ba.